Amsoshin Takardunku: Wa Ke Biyan Kuɗin Koyon Tuƙin Jirgin Sama?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Katsina, ya rubuto yana cewa ɗansa ya gama sakandare, ya kuma ƙwallafa ransa a kan tuƙin jirgin sama. Yaron ya gaya masa wai a ƙasashen Turai kamfanonin jirage ne da kansu ke ɗibar samari su koya musu tuƙi kyauta. Shi ne yake so mu ba shi tarihin wannan al'amari: yaushe aka fara, yaya ake zaɓen yaran, kuma da gaske ne ba a biyan ko kwabo?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Maganar yaron tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ka san banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka bi tarihin abin za ka ga tafiyarsa ɗaya da ta farashin hatsi a kasuwarku. Duk lokacin da matuƙa suka yi ƙaranci, kamfani ne ke kwance bakin jaka ya biya. Da zarar sun yi yawa kuwa, sai a mayar wa yaro da iyayensa nauyin.

Bari mu faro daga tushe. Bayan da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945, babu wani kamfanin jiragen sama a Ingila ko Amurka da ke da buƙatar koya wa kowa tuƙi, domin kuwa sojojin sama sun riga sun horar da dubban samari da kuɗin gwamnati, an sallame su, ga su nan suna yawon neman aiki. Kamfani sai dai ya zaɓa ya darje. A Amurka ma haka aka ci gaba shekara da shekaru, soja na horarwa kamfani na ɗauka, shi ya sa wannan tsari da kake tambaya bai yi jijiya a can ba kamar yadda ya yi a Turai.

Inda tura ta fara kai bango ita ce Jamus. Ƙasashen da suka ci ta da yaƙi sun hana Jamusawa tuƙa jirgin sama har tsawon shekara goma. Lokacin da kamfanin Lufthansa ya sake tashi ran 1 ga watan Afrilu na 1955, tsofaffin matuƙan ƙasar hannunsu ya riga ya kwanta, jiragen kuma sun canza, har sai da aka yi aron kyaftin-kyaftin daga Ingila da Amurka suka zauna a kujerar gaba, Bajamushe na gefe yana koyo. Kamfanin ya ga ba zai yiwu ya dawwama da kayan aro ba, saboda haka ran 1 ga watan Mayu na 1956 ya buɗe makarantarsa ta koyon tuƙi a birnin Bremen. Manufar ita ce a ɗauko saurayin da bai taɓa shiga ɗakin matuƙa ba, a rene shi tun daga harafin farko har ya zama irin matuƙin da kamfanin ke so, da ɗabi'unsa da komai. Daga baya, da yake sararin samaniyar arewacin Jamus ba ya rabuwa da hadari da hazo, sai suka riƙa kwasar ɗaliban zuwa jihar Arizona ta Amurka, kusa da birnin Phoenix, inda rana ke fitowa tarwai kusan kwana 300 a shekara, zafin wurin kuma ko mutumin Sakkwato ya je sai ya nemi inuwa. A Bremen ake karatun littafi, a hamadar Arizona ake koyon tashi da sauka.

Ingila ma ba ta daɗe ba ta bi sahu. Wajen ƙarshen shekarun 1950 manyan kamfanoninta guda biyu, wato BOAC mai zuwa ƙasashe masu nisa irin su Nijeriya, da BEA mai zirga-zirga cikin Turai, suka yi lissafi suka ga matuƙan da suka gada daga yaƙi duk kusan sa'o'in juna ne, rana ɗaya za a wayi gari sun tsufa tare sun yi ritaya tare, ga kuma sababbin jirage masu gudu suna shigowa, fasinja na ƙaruwa. Sai suka haɗa kai da gwamnati aka kafa kwaleji a garin Hamble kusa da Southampton a 1960. Ana ɗaukar yaro ɗan shekara 18 ko sama da haka kaɗan, wanda ya ci jarrabawar sakandare da kyau, a ba shi wurin kwana da abinci da malamai da jirgin koyo, kamfanonin da gwamnati na ɗauke da mafi yawan nauyin. Ta wannan ƙofa ce 'ya'yan leburori da 'ya'yan masu kanti suka zama kyaftin-kyaftin na manyan jirage. Ina jin labarin wannan zamani ne ya yi ta yawo baki-baki har ya iso kunnen ɗanka.

Yanzu sai batun zaɓe, kuma a nan ne za mu ɗan daɗe, don nan ne mafi yawan masu buri ke faɗuwa. Wanda zai zuba dukiya mai yawa a kan yaron da bai sani ba, dole ya ƙwanƙwasa shi kamar yadda ake ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa. Jamusawa su suka fi suna a wannan fanni. Kamfanin bai yarda ya yi gwajin shi kaɗai ba, sai ya miƙa shi ga masana halayyar ɗan Adam na cibiyar binciken sararin samaniya ta ƙasar, wadda ake kira DLR, a reshenta na birnin Hamburg. Matakin farko wuni guda ne cur ana zaune ana amsa tambayoyi: lissafin ka ba tare da alƙalami ba, Ingilishi, sanin yadda injuna da lantarki ke aiki, sannan da waɗansu gwaje-gwaje da ba a koyar da su a kowace makaranta. Alal misali a riƙa karanto maka lambobi a kunne, ba ka san inda za a tsaya ba, kwatsam a yi shiru a ce ka maimaito su daga ƙarshe zuwa baya. Ko a nuna maka ɗan akwati mai fuska shida da alama a jikinsa, a ce an mirgina shi hagu, an mirgina gaba, an sake mirginawa dama, to ina alamar take yanzu? Ko kuma a ba ka aiki uku a lokaci guda, hannu na riƙe da sanda, ido na kan agogo, kunne na sauraron umurni. Abin da suke nema shi ne kan da ba ya ruɗewa in abubuwa suka cakuɗe.

Wanda ya tsallake wannan sai a sake kiransa mataki na biyu, inda ba a damu da ƙwaƙwalwarsa ba sosai, halinsa ake dubawa. A haɗa samari huɗu ko biyar a ba su wata matsala su warware tare, masana na zaune a gefe suna rubutu. Mai babakere da magana ya faɗi. Wanda ya yi gum ya bar wasu su yanke masa shawara, shi ma ya faɗi. Sannan a sa shi cikin na'urar kwaikwayon tuƙi a ga ko yana ɗaukar gyara, daga nan ya zauna gaban wani kyaftin da masanan su yi masa tambayoyi. A ƙarshe likita ya duba ido da kunne da zuciya da jini. Yaro na iya cin duk waɗancan, a zo a tarar ba ya bambance ja da kore sosai, shi ke nan magana ta ƙare, tunda fitilun jirgi da na filin sauka da launi suke magana. A zamanin da makarantar Bremen ke tashenta, da wuya ɗaya cikin goma na masu nema ya kai ga gaci, kuma wanda ya faɗi ba a ba shi damar sake gwadawa.

Kila ka ce, mene ne haɗin tuƙi da zaman shawara? Akwai dalili mai nauyi. Ran 27 ga watan Maris na 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Spain, manyan jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM babban malamin matuƙa ne a kamfaninsu, ya fara gudun tashi alhali ba a ba shi izini ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce daga hanya, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, babu wanda ya sake tankawa. Tun daga irin waɗannan haɗurra kamfanoni suka gane cewa ba su son yaron da kunya ko tsoron manya za su hana shi buɗe baki. Mu da aka rene mu da cewa ba a musu da babba, wannan abin dubawa ne. Suna neman wanda zai iya cewa, cikin ladabi amma ba da rawar murya ba, ranka ya daɗe, akwai kuskure, a tsaya.

Mata kuwa sun daɗe a bakin ƙofa. Sai a 1986 Lufthansa ya ɗauki 'yan mata biyu na farko a makarantarsa, suka fara aiki a matsayin mataimakan matuƙi a 1988.

To, sai batun kuɗi. Me ya sa abin ke da tsada haka? Ɗalibi na shafe wata 18 zuwa shekara biyu. Kafin a ba shi lasin tuƙin haya sai ya yi sa'o'i kusan 200 na tuƙi, kowace sa'a kuwa da kuɗin mai, da ladan malami, da gyaran jirgi, da inshora. Bayan wannan kuma lasin bai isa ba, domin kowane samfurin babban jirgi da takardar ƙwarewarsa daban. Wanda ya iya Boeing 737 ba zai hau Airbus A320 ya ja ba sai ya koma aji. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Tsarin da Lufthansa ya daɗe a kansa ya yi kama da abin da manoma suka sani, inda kamfanin auduga ko na taba zai ba ka iri da taki bashi, da sharaɗin shi za ka sayar wa in kaka ta yi, ya cire nasa. Kamfanin ne ke biyan komai tun farko. In yaro ya gama aka ɗauke shi aiki, sai a riƙa yankar wani kaso daga albashinsa har ya biya rabonsa. Wajen shekarar 2008 horon mutum ɗaya ya kai kimanin Euro 150,000, rabon ɗalibi a ciki Euro 60,000. Abin da ya sa tsarin ya yi kyau shi ne, in kamfanin ne ya kasa ba ka aiki cikin wa'adin da aka rubuta, bashin ya faɗi. Wato hasarar na wuyan mai ƙarfi. A ganinmu wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane irin tayi da shi: in abu ya lalace, a kan wa zai faɗo?

Sai kiɗa ya fara canzawa. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, tafiye-tafiye suka ja baya, waɗanda suka gama Hamble suka riƙa zaman jiran kujera, waɗansu ma har aikin raba abinci cikin jirgi suka karɓa kafin a kira su. BOAC da BEA suka haɗe suka zama British Airways a 1974, sabon kamfanin ya tarar da matuƙa sun yi masa yawa, ya janye hannunsa, aka rufe kwalejin a 1984. Bayan 'yan shekaru da ƙaranci ya sake kunno kai, sai ga shi yana tura samari wasu makarantu a Prestwick da Oxford da kuɗinsa. Harin da aka kai Amurka ran 11 ga watan Satumba na 2001 ya sake rufe wannan ƙofa. Da aka buɗe ta a 2011, sai da ɗalibi ya ajiye fam 84,000, ko nasa ko na banki da kamfanin ya tsaya masa, a riƙa mayar masa kaɗan-kaɗan cikin shekara bakwai na aiki.

A tsakanin nan kuma ga kamfanoni masu arahar tikiti sun cika Turai. Su ba ruwansu da renon kowa. Ka je ka koyo da kuɗinka, ka zo ka sake biyan Euro 20,000 zuwa 30,000 na takardar ƙwarewa kan jirginmu, sannan mu gani. Iyaye suka riƙa jinginar da gidajensu. Har ta kai waɗansu samari na biyan kamfani kuɗi don a bar su su tuƙa jirgin da ke ɗauke da fasinja su tara sa'o'i, wato ɗan ƙodago ne ke biyan mai gona. Makarantu masu zaman kansu kuma suka koyi liƙa sunan kamfanin jirage a jikin tallarsu, ana cewa shirin kamfani kaza ne, alhali kamfanin bai sa ko sisi ba, iyakarsa alƙawarin zai duba ka in ka gama.

Akwai kuma wani tarko. A 2006 hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da wani sabon lasi da ake kira MPL, wanda ake koyar da yaro tun farko a kan tsarin kamfani ɗaya, mafi yawan horon cikin na'urar kwaikwayo. Yana da amfani, amma a farkonsa ya ɗaure ɗalibi da ƙafar kamfanin. Samarin farko da suka karɓe shi a Turai sun fara aiki da kamfanin Sterling na ƙasar Denmark a 2007, shekara na zagayowa kamfanin ya karye, suka tsaya da takardar da ba kowa ke karɓa ba.

Nauyin bashi kan yi wani lahanin da ba a gani. Ran 24 ga watan Maris na 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings, reshen Lufthansa, ya kulle ƙofa ya kai jirgin cikin duwatsun Faransa da gangan, mutum 150 suka halaka. Ɗalibin Bremen ne, ya ci duk gwajin da muka lissafa. Bincike ya nuna yana fama da ciwon damuwa, ya kuma ɓoye wa kamfanin takardun likitocin da suka ce kada ya yi aiki. Masu binciken na Faransa sun ambaci tsoron rasa lasi da hasarar kuɗin da ke biyo baya a cikin abubuwan da kan hana matuƙi faɗin ciwonsa. Tun daga 2021 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni gwada lafiyar tunanin matuƙi kafin ya fara aiki, da kuma tanadar masa inda zai kai kukansa a asirce.

Annobar korona ta 2020 ita ta ƙarasa tsohon tsarin Jamus. Jirage suka yi layi a ƙasa, Lufthansa ya aika wa ɗalibai kusan 700 cewa su nemi wata sana'a, don ba za a buƙaci sababbin matuƙa ba na tsawon shekaru. An ce wanda ya tafi ba a binsa komai, amma shekarun da ya ɓata fa? Da aka koma ɗaukar ɗalibai a 2022, yaro ne zai nemo sama da Euro 100,000 da kansa, kuma babu tabbacin aiki a rubuce.

Bari mu leƙo nahiyarmu, tunda a nan yaron yake. Kamfanin jiragen Habasha ya fara tashi a 1946 da matuƙan kamfanin TWA na Amurka, amma tun da wuri ya ƙudura sai 'yan ƙasa sun karɓa. Alemayehu Abebe ya zama kyaftin ɗan Habasha na farko a 1957, aka kuma buɗe makarantar tuƙi a Addis Ababa a 1964. Kamfanin na nan da ransa, yana horar da nasa, yana kuma karɓar ɗaliban wasu ƙasashen Afirka da kuɗinsu. A wannan shekara dai ta 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙi ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Lokacin akwai Nigeria Airways yana jiran waɗanda suka gama. Da ya durƙushe a 2003, makaranta ta rage ba babban mai saye a bakin ƙofa, ɗaukar nauyi kuma ya koma hannun iyaye da gwamnatocin jihohi. A 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Sun dawo da lasi, amma jaridu sun yi ta kawo labarin yadda da yawansu suka daɗe ba aiki, saboda waccan takardar ƙwarewa kan samfurin jirgi da muka ce ka riƙe. Gwamnati na iya biyan kuɗin makaranta, amma mai jirgi ne kaɗai ke da kujerar zama.

A 'yan shekarun nan ƙaranci ya sake dawowa Turai, jaka ta sake ɗan buɗewa. Air France ya farfaɗo da shirinsa na horarwa da kuɗin kamfani a 2018, sai dai na 'yan ƙasashen Turai ne masu jin Faransanci. A 2023 British Airways ya ba da sanarwar zai biya wa mutum 60 kuɗin horo gaba ɗaya, kimanin fam 100,000 kowane, ba a kuma neman digiri, sakamakon sakandare mai kyau a lissafi da Ingilishi da kimiyya ya wadatar. Mutum sama da 20,000 suka nema. Daga cikin sharuɗɗan farko a takardar neman akwai cewa sai mai izinin zama da yin aiki a Ingila.